Tafiyar ƙafa a gonakin inabin Lavaux lokacin kaka

Jirgin ƙasa daga Lozan zuwa Saint-Saphorin bai kai rabin awa ba, kuma tun kafin ka sauka ka gama ganin abin da ya kawo ka. Ta taga ɗaya ga ruwan Tafkin Jeniba shimfiɗe, ta ɗayar ga tudu ya miƙe tsaye, an yanka shi dakali-dakali, kowane dakali da katangar dutse da layukan kuringar inabi. Wannan yanki na ƙasar Siwizalan shi ake kira Lavaux. Gonakinsa sun kai kadada 830, sun bi gaɓar tafkin tsawon kilomita 30, kuma a 2007 UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya. Na bar sunayen ƙauyukan yadda suke a rubuce a allunan hanya, domin da su mai tafiya zai yi aiki.

Na je a makon farko na Oktoba, ana tsakiyar yankan inabi. Wanda yake son ganin aiki, to ya nufi ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Wanda ganye yake son gani ya koma ruwan ɗorawa, sai ya jira rabin Oktoba na biyu, amma a lokacin an kwashe 'ya'yan. Ranar fara yanka ba a kafe take ba. Manoman suna ƙirga kwana ɗari daga fitar fure, sannan su riƙa awon zaƙi, kuma a shekarar da zafi ya yi yawa aikin yakan matso gaba da mako biyu ko uku.

Hanyar da na bi ita ce ta Saint-Saphorin zuwa Lutry, kimanin kilomita 11. Alluna masu launin rawaya suna cewa awa uku da 'yan mintuna, amma wannan lissafin mai tafiya ne ba tsayawa. Ka ware awa biyar. Mafi yawan hanyar siminti ce da kwalta, 'yar siririya wadda motar gona ɗaya kawai take iya bi, sai matakalun dutse nan da can. Takalmi mai kama ƙasa ake so, domin simintin da ruwan inabi ya ɗiga a kai santsi ne da shi kamar an zuba kuɓewa. Inuwa babu, ko kaɗan. Da safe akwai sanyi mai ratsa riga, da rana ta take sai ka cire rigar sama, saboda haka a sa tufafi biyu masu sauƙin cirewa, a ɗauki hula da ruwa lita ɗaya da rabi. Kowane ƙauye yana da famfon dutse a tsakiyarsa, kuma ana shan ruwan muddin ba a manna masa allo mai cewa "eau non potable", wato ba ruwan sha ba ne. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai ka taho da guzurinka.

Saint-Saphorin ƙauye ne da za ka zagaye cikin minti goma. Lungunansa matsattsu ne, cocinsa na ƙarni na 16 an ɗora shi a kan kufan wani gida na zamanin Rumawa. Daga bayan cocin hanya ta fara hawa, kuma a nan ne mutum yake fara fahimtar cewa katangun nan ba ado ba ne. Tafkin yana mita 372 sama da teku, gonakin suna hawa har wajen mita 600, duka a cikin 'yar tazara. Ba don katanga ba da ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke ƙasar zuwa cikin tafki. Ana ƙiyasta dakalan sun kai 10,000, tsawon katangun kuma in an haɗa ya kai kilomita 400. Duk wanda ya taɓa ganin gonakin kan dutse na Gwoza ko na Sukur zai gane dabarar nan take, bambancin kawai shi ne abin da aka shuka.

Na tsaya na duba wata katanga da kyau. A gindinta akwai ƙananan ramuka da aka bari da gangan domin ruwan da ya taru a bayanta ya samu mafita. Idan ramukan suka toshe, ruwa ya taru, hunturu ya zo ya daskarar da shi, sai katangar ta yi ciki, bayan shekara kaɗan ta zube kan dakalin maƙwabci. Na ga guda biyu da suka fara yin cikin, an tokare ɗaya da ƙarfe. Gyaran katanga aikin hunturu ne, kuma yana cikin abin da ya fi cin kuɗin manomi a nan. Ƙasar da ruwa ya gangaro da ita gindin dakali ma sai an kwashe an mayar sama. Da can a kwando ake goya ta.

Mutanen yankin suna cewa inabinsu rana uku yake sha. Ta farko ita ce ta sama. Ta biyu hasken da tafkin yake maido wa tudu, wanda da la'asar sai ka kare ido. Ta uku zafin da duwatsun katanga suke tarawa da rana su saki da dare. Wannan ta ukun ana iya tabbatar da ita da tafin hannu: bayan rana ta faɗi ka dafa katanga, za ka ji ta da ɗumi kamar bangon ɗaki a watan bazara. Tudun gaba ɗaya kudu yake kallo, tafkin kuma yana rage kaifin sanyi, shi ya sa inabi yake nuna sosai a ƙasar da dusar ƙanƙara take a kan duwatsun tsallaken ruwa.

Irin da ya mamaye gonakin sunansa Chasselas. Fari ne, fatarsa siririya, 'ya'yan zagayayyu. Ɓangaren da rana take bugu yakan yi ɗige-ɗigen ja-ja kamar an gasa shi sama-sama, kuma wannan alamar nuna ce, ba cuta ba. Wani manomi da na gaisar a bakin layinsa ya yanko mini nono ɗaya, ya nuna mini yadda ake gwada shi: ka matsa ƙwaya tsakanin yatsu biyu, sai fatar ta tsage amma ruwan bai tsarto ba, naman ya tsaya cur. Saboda wannan tsagewar ne a jihar Valais ake kiran giyarsa Fendant. Zaƙinsa mai sanyi ne, tsaminsa kaɗan, ba shi da ƙamshi mai ƙarfi irin na wasu inabin. Masu sana'ar sun ce rashin ƙamshin nasa shi ne amfaninsa, domin duk abin da ƙasar wurin take da shi sai ya fito fili. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: kada ka miƙa hannu ka tsinka da kanka. Layukan suna dab da hanya, babu shinge, amma dukiyar mutane ce, kuma dubban baƙi suke wucewa. Ka yi gaisuwa ka tambaya, da wuya a hana ka.

Tsakanin Rivaz da Epesses ne Dézaley yake, kuma a nan na fi daɗewa. Kadada 54 ce kacal, amma ita ce gonar da ta fi suna a yankin. A ƙarni na 12 bishop na Lozan ya ba wa sufayen Kirista na ɗariƙar Sistasiyan wannan gangare, lokacin daji ne da duwatsu, su suka sare shi suka fara gina dakalan. Bayan mutanen birnin Bern sun ci ƙasar Vaud, wadda Lavaux take cikinta, a 1536 aka karɓe filayen gidajen sufayen. Yau manyan gonaki biyu na wurin, Clos des Abbayes da Clos des Moines, mallakar birnin Lozan ne, kuma tun 1803 birnin yake gwanjon giyarsa kowace shekara a watan Disamba. Gangaren Dézaley a wasu wurare ya kai yadda in ka matsa gaba taku ɗaya sai ka hau sama kusan taku ɗaya. In ka leƙa ƙasa daga hanya, rufin jirgin ƙasa kake gani da ruwa.

Babu tarakta da za ta shiga irin wannan wuri, saboda haka komai da hannu ake yi. Masu yanka suna tafiya biyu-biyu, ɗaya ta kowane gefen layi, da ɗan almakashi a hannu. Akwatunan roba ne marasa zurfi, kowanne yana ɗaukar abin da bai wuce kilo 15 ba, kuma ba a cika su su yi tozo. Dalilin shi ne in aka ɗora wani a kan wani, inabin ƙasa ya fashe, ruwan ya haɗu da iska da zafin rana, to ya fara lalacewa tun kafin a kai shi gida. Na ga wata mata tana juya kowane nono a tafinta, tana sa bakin almakashi tana cire ƙwayoyin da suka yi funfuna mai toka-toka, sannan ta jefa sauran a akwati. Wani nonon takan kai shi hanci. Idan ya yi warin ruwan tsami, ƙasa yake zuwa, domin kaɗan daga irinsa yana iya ɓata tanki guda. Akwatunan kuma ana ɗora su a kan wani ɗan keke mai inji da yake tafiya a kan dogo ƙwaya ɗaya, yana hawa yana sauka a kan katangu kamar hawainiya. A wasu gonakin jirgi mai saukar ungulu ne yake kwasa.

Abin da yake cin manomi a nan ba ɗaya ba ne. Sanyin ƙarshen hunturu yana ƙone sabon toho. Ƙanƙarar bazara tana iya tsiyata gona cikin minti goma. In ruwa ya yi yawa da ɗumi, cutar funfuna tana kama ganye, shi ya sa ake feshin jan ƙarfe da farar wuta. A 2021 duka ukun suka haɗu, Siwizalan ta samu amfanin inabi mafi ƙanƙanta tun 1957. In ruwan ya sauka dab da yanka, ƙwayoyin sukan sha su kumbura, zaƙi ya ragu, fata ta tsage, ruɓa ta shiga. Ga tsuntsaye, waɗanda saboda su ake lulluɓe layukan gefe da raga. Kuma in ka duƙa ka dubi gindin kowace kuringa, ɗan sama da ƙasa za ka ga wani kumburi. Wurin aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai suna filoksera da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Turai, maganin da aka samu shi ne a ɗora irin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake dasa kusan kowace kuringa. Manoman inabinmu na Kudan a jihar Kaduna, duk da nasu na ci ne, za su gane rabin wannan wahalar.

A Epesses na shiga gidan matsa. Tsarin aikin a bayyane yake. Ana auna nauyin inabin, a ɗiga ruwansa a kan wani ɗan madubin awo a duba zaƙi. Ma'aunin sunansa Oechsle, kuma yana nuna yadda ruwan ya fi ruwan sha nauyi: in lita ɗaya ta yi giram 1,075, to digiri 75 ke nan. Chasselas galibi tsakanin 70 da 80 ake yanka shi. Daga nan sai injin matsa, wata ganga ce kwance mai balan-balan a ciki, tana kumbura a hankali tana danne inabin. Ba a matsawa da ƙarfi, domin in ƙwallon ciki ya fashe ɗaci da bauri suke shiga. Inabi kilo ɗaya da ɗan ɗori ne yake ba da kwalba ɗaya. Ruwan da ya fito a gurɓace yake, sai a bar shi ya kwana a tanki mai sanyi, laka ta kwanta, a tsiyaye na sama. Sannan a zuba yisti. Yistin yana cin sukari yana mayar da shi barasa da iskar kabon, kimanin giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Ana riƙe zafin tankin a ƙasa da digiri 20 har mako biyu ko uku. In ya yi zafi da yawa ƙamshi ya gudu, in ya yi sanyi da yawa yistin ya tsaya aiki a bar giya rabi da rabi. Bayan wannan akwai tsimuwa ta biyu wadda take sassauta tsami, kuma yawancin masu Chasselas suna barin ta ta faru.

Iskar kabon ɗin nan tana kisa. Ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da wari, tana taruwa a ƙasan ɗaki. A da can mutane sukan sauka da kyandir a kunne, in ya mutu su juya da gudu. Yanzu fanka da na'urar gargaɗi ake sawa. Baƙo kada ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a wannan lokaci sai da mai gida a gaba.

Ni ba na shan giya, kuma da na faɗi haka ba wanda ya ɗaga gira, sai aka kawo mini ruwan inabi. Amma a nan akwai abin da duk Musulmin da zai zo ya kamata ya sani dalla-dalla, domin abu biyu ne ake kira ruwan inabi. Akwai "jus de raisin" na kwalba, wanda aka dafa sama-sama aka kashe yistinsa aka toshe, wannan ba ya canzawa sai an buɗe shi. Akwai kuma "moût", ɗanyen ruwan da ya fito daga injin matsa. A ranar da aka matse shi ruwan 'ya'yan itace ne zalla, mai kauri, launin zuma da aka dama, zaƙinsa har yana kama maƙogwaro. Sai dai yistin da yake jikin fatar inabi yana cikinsa, kuma in ba a sanyi yake ba, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya fara aiki. Alamominsa: ƙananan kumfa suna tasowa a gefen kofi, yana ɗan cizon harshe, zaƙin ya ja baya, warin ƙullin burodi ya fito. In ka ga kwalbar da ba a ɗaure murfinta sosai ba ko an huda shi, to tana tsimuwa ne, an bar wa iska hanya don kada ta fashe. A ɓangaren Siwizalan na masu jin Jamusanci ana sayar da irin wannan da sunan Sauser, kuma mafi yawansa da barasa a ciki. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan ruwan inabi kafin ya yi kumfa da bayan ya yi. Abin da ya rage wa matafiyi shi ne ya tambaya yaushe aka matse, kuma kada ya sayi "moût" ya jefa a jaka ya yini da shi a rana. Haka ma a wajen abinci: fondue, cukun nan da ake narkawa, da farar giya ake haɗa shi, "papet vaudois" kuma, wani abincin gargajiya na yankin, da tsiran alade yake zuwa. Soyayyen kifin tafki shi ne mafita, shi ma ka tambayi abin da aka sa a miyarsa.

Ɗanɗanon giyar kuwa na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma ba shaye-shaye ba ne irin yadda mutum zai zata, aiki ne mai ƙa'ida. Abin da ake zubawa a kaka giyar bara ce, domin ta bana sai bazara za a sa ta a kwalba. Ana jera kofuna, a fara da mai sauƙi a ƙare da mai nauyi, fara kafin ja. Ana zuba kaɗan, abin da bai wuce kurɓi uku ba, da sanyin digiri 10 zuwa 12, domin in ta yi sanyi ƙarara ba a jin ƙamshinta. Mai ɗanɗano yana riƙe kofin ta ƙafarsa don kada tafinsa ya ɗumama shi. Ya karkata shi a kan farar takarda ya dubi launi. Ya shinshina, ya jujjuya kofin, ya sake shinshinawa. Sannan ya kurɓa, ya ja 'yar iska ta tsakanin haƙora, ya zagaya da ita baki, ya tofar a wani gwangwani da aka ajiye don haka. Tsakanin kofi da kofi akwai burodi da ruwa. Abin da suke nema shi ne bambancin wuri. An jera musu Calamin da Dézaley, gonaki biyu da suke maƙwabtaka, iri ɗaya, shekara ɗaya. Calamin kadada 16 ce, ƙasarta laka ce mai zurfi, suka ce giyarta ta fi cika baki, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Dézaley tana kan dutse mai tsakuwa a cikinsa, suka ce tata ta fi daɗewa a harshe kuma ta fi jure ajiya na shekaru. Hanci ma ya isa ya gane wadda ta lalace: warin jiƙaƙƙen kwali daga toshiyar kwalba yake, warin ruɓaɓɓen ƙwai daga yistin da ya wahala, launin da ya yi duhu da warin tuffa da ta kwana a yanke kuma iska ce ta shiga. Masu tofarwa su ne suka ƙarasa tafiyar da ƙafafunsu daidai. Matakalun Lavaux ba su da abin dafawa a wurare da yawa, kuma dokar tuƙi a ƙasar ba ta yarda barasa ta kai 0.5 cikin dubu a jini ba, shi ya sa kusan kowa da jirgin ƙasa yake zuwa.

Wuraren ɗanɗanon na ƙauyuka, waɗanda ake kira "caveau", galibi da yamma suke buɗewa a kwanakin ƙarshen mako, kuma a lokacin yanka manomi ba shi da sukunin baƙon da bai sanar ba. Wanda yake son wurin da yake buɗe da rana, akwai Vinorama a Rivaz, dab da bakin ruwa.

Daga Epesses hanya ta ratsa Riex, ta bi ta saman Cully ta nufi Grandvaux. Wanda gwiwarsa ta gaji yana iya gangarawa Cully ya hau jirgi, domin kusan kowane ƙauyen bakin ruwa yana da tasha. Masallaci babu a ƙauyukan, sai a birane irin Lozan, amma akwai 'yan filaye masu benci a gefen hanya inda mutum zai shimfiɗa darduma ba tare da ya tare wa masu aiki hanya ba. Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen da tafkin ya ƙare a gindin duwatsu. Daga Grandvaux in ka duba gaba za ka ga gefen birnin Lozan ya zo ya tsaya cak a bakin gonaki. Ba haka kawai ya tsaya ba. A 1977 mutanen jihar Vaud suka jefa ƙuri'a, bisa yunƙurin Franz Weber, wani mai fafutukar kare muhalli, aka sa kare Lavaux cikin kundin tsarin mulkin jihar, lokacin da masu gine-gine suka fara cin tudun.

Gangaren ƙarshe ta Aran da Villette ya fi sauran sauƙi, katangun sun gajarta, layukan sun faɗaɗa har ƙaramar tarakta tana shiga. Na isa Lutry da la'asar sakaliya, ana wanke akwatuna da tiyo a ƙofar wani gida, ruwan yana bin kwata da ɓawon inabi, zanzaro sun yi dandazo a kai. Garin yana bikin yankan inabi a ƙarshen Satumba, na same shi an riga an yi. Jiragen ruwa suna tsayawa a Lutry, amma a kaka an rage yawansu, sai ka duba jadawali tun da safe. Jirgin ƙasa zuwa Lozan bai kai minti goma ba, tashar kuma tana sama da tsohon gari, akwai 'yar hawa kafin ka kai.